Kafin katafila ta shiga kufan kuza

Tambaya: Wani matashi daga yankin Bukuru, sakataren ƙungiyar masu noman lambu a unguwarsu, ya rubuto cewa sun wayi gari sun ga an kafa allo a bakin tsohon filin haƙar kuza da ke bayan gidajensu. An rubuta cewa hukuma ta ware wurin don gina rukunin gidaje da kasuwa. Kansilansu ya ce aikin ƙaramar hukuma ne, filin kuma matacce ne, babu mai shi. Su kuwa tun zamanin iyayensu suke noman rani a wurin, da ruwan dam ɗin da ke tsakiya, wato tsohon ramin haƙa da ya cika da ruwa. Yana so ya san ko ƙaramar hukuma tana da wannan iko, ko wurin zai zaunu lafiya, da kuma ko su fita zanga-zanga.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya yi maka albarka da ka tsaya ka tambaya tun matasa ba su tumɓuke allon ba. Na yi shekara talatin da 'yan kai ina aikin tsara gari, mafi yawansu tsakanin Jos da Bukuru, kuma kakana lebura ne da ya baro ƙasar Kano ya zo ya ɗauki kwanon sarki a ramukan kuza. Wannan magana ta gida ce a wurina.

Ra'ayina shi ne kada ku fara da "ba mu yarda ba". Jos ta cika ta batse, haya ta gagari talaka, kuma kowace shekara sai an yi jana'izar yaran da suka je wanka dam ba su dawo ba. Idan za a yi sabon gini, ni na fi son a yi shi a kufan da aka riga aka ɓata, a bar gonakin dankali da masara da suka rage a bayan gari. Amma akwai abu biyu da dole a yi kafin safiyo ya dasa dutsen iyaka ko ɗaya: a auna ƙasar, a ƙirga mutanen da ke ci daga cikinta. Duk rigimar fili irin wannan da na gani a rayuwata, ɗaya daga cikin biyun nan aka tsallake. Tun ran gini tun ran zane. Idan kuka bari aka gama zanen fulotai aka fara sayarwa, sai dai ku yi ta bin baya.

Ka fara sanin abin da ke ƙarƙashin ƙafarku. Turawa sun soma haƙar kuza gadan-gadan a wajajen 1904, jirgin ƙasa ya iso daga Zariya a 1914, aiki ya kai ƙololuwa a 1943, lokacin yaƙin duniya na biyu, da aka fitar da sama da tan 15,000 a shekara ɗaya, har da aikin tilas. Manyan kamfanonin haƙar kuza irin su ATMN sun riƙa kwashe saman ƙasa da injuna su tara ta tuli-tuli, su wanke tsakuwar da ke ƙasa da ruwa mai ƙarfi, su bar rami. Dokar ma'adinai ta 1946 ta ce a riƙa gyara wurin da aka haƙa, an kuma cike wasu ramuka an dasa itacen turare, wanda har yau kake gani jere a hanyar Barikin Ladi. Abin da aka gyara bai taka kara ya karya ba. Da kasuwar kuza ta duniya ta rushe a Oktoban 1985, sai kowa ya kama gabansa. Ƙasar da aikin ya taɓa ta haura murabba'in kilomita 300.

Abin da ya fi ba ni tsoro a irin wannan fili shi ne abin da ido ba ya gani, wato ciko. Ramin da yake buɗe da ruwa a ciki kowa ya san rami ne. Amma akwai ramukan da aka cike da ƙasar da aka tono da laka mai laushin nan ta wankin kuza, ciyawa ta rufe su, har itace ya girma a kai. Wannan laka takan yi shekaru masu yawa ba ta gama zama ba. Sama ta bushe ta yi tauri, ƙasa kuwa kamar kunu. Sannan ga ramukan loto, waɗanda masu haƙar hannu suke yi tun bayan tafiyar kamfanoni: rijiya ce siririya a sama, idan an kai ƙasa sai a bi jijiyar kuza a kwance, a yi ta rarake ciki. Bakin rijiyar yakan toshe cikin damina biyu ko uku, kogon yana nan.

Wata shekara aka kira ni in duba gidan wani bawan Allah, malamin makaranta da ya yi ritaya ya zuba kuɗin sallamarsa duka a ginin ɗaki huɗu. Damina uku da tarewa, bangon falo ya tsage daga ƙasan taga har rufi, tsagar da na sa hannuna ya shige har wuyan hannu. Ƙofar ɗakin matarsa ba ta rufuwa sai an ɗaga ta da gwiwa. Bulonsa mai kyau ne, simintinsa ba a ha'ince shi ba. Muna tsaye sai wani dattijo maƙwabci ya zo da sandarsa, ya ja layi a ƙasa daga bakin rijiyar gidan ya ratsa ta tsakiyar falon, ya ce, "Nan ne bakin ramin, ina yaro muna kama tarwaɗa a nan." Muka kawo rodi muka soka. A ɓangare ɗaya bai kai tsawon hannu ba ya tsaya cak. A ɗaya ɓangaren yaro ɗaya ya riƙa danna shi yana nutsewa har ya ƙare. Rabin gidan yana kan ƙasar Allah, rabi yana kan ciko. Mai gidan ya zauna a kan bulo bai ce uffan ba. Har yau idan na tuna fuskarsa sai raina ya ɓaci, domin gwajin da zai cece shi bai kai kuɗin kwanon rufin ɗaki ɗaya ba.

Saboda haka abin da za ku nema shi ne rahoton gwajin ƙasa. A huda wurare da dama a filin, a ciro ƙasa daga zurfi daban-daban a auna nauyin da za ta iya ɗauka, a kuma bi filin da na'urar da ke tura lantarki cikin ƙasa tana nuna inda kogo yake. A haɗa da tsofaffin taswirorin kamfanoni da hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama, waɗanda ke nuna bakin kowane rami kafin a cike shi. A kuma zauna da dattawan unguwa, domin abin da ke kansu ya fi wata taswirar. Masu wannan ilimi suna nan cikin garinmu: sashen nazarin duwatsu na Jami'ar Jos, da cibiyar koyar da haƙar ma'adinai ta tarayya, da cibiyar binciken ƙarafa da ke hanyar Zariya. Ana iya gini a kan ciko, amma da harsashi na musamman mai tsada, ko a bar wurin ya zama filin wasa ko tashar mota. Wanda ke sayar da fuloti ba shi da sha'awar faɗa maka wannan. Shi ya sa rahoton ya kamata ya fito fili kowa ya karanta.

Sai maganar guba, kuma a nan ina roƙonka ku yi hattara da baki. Wankin kuza na Jos da ruwa aka yi shi, nauyin kuza ke sa ta kwanta yashi ya wuce. Ba a zuba mata sinadarai irin waɗanda ake sa wa zinariya. Don haka kuskure ne a ce duk wani dam guba ne, kuma idan kuka yayata haka don ku tsorata masu gini, kabejinku da karas ɗinku ne za su fara kwantai a kasuwar Farin Gada. Inda matsalar take shi ne wuraren da aka tace kuza aka raba ta da kwalambait, wani ma'adini da ake samu tare da ita. Abin da ya rage bayan tacewa, baƙin yashin nan mai nauyi da ƙyalli, yana ɗauke da ma'adinai irin su monazait da zakon, waɗanda ke fitar da wani tururi da ba a gani ba a jin warinsa, masana suna ce masa radiyeshan. Ba ya kashe mutum yau ko gobe. Illarsa tana ga wanda ya yi shekaru yana kwana a kansa ko yana shaƙar ƙurarsa. Na sha ganin magina suna ɗibar yashin nan suna yaɓe ɗaki da shi don yana da laushi kuma kyauta ne. Wannan shi ne mafi muni, ka kai abin cikin ɗakin da jariri ke barci ka rufe taga saboda sanyin Jos. Auna shi ba wuya: na'ura ce ta hannu, mutum biyu za su zagaye filin da ita cikin 'yan kwanaki su fitar da taswirar inda abin ya yi yawa. Hukumar kula da harkokin nukiliya ta ƙasa ce ke da alhakin wannan, kuma cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya tana da kayan aikin. Inda aka samu, a kwashe a binne a wurin da aka killace, a rufe da ƙasa mai tsabta. Idan akwai tsohon shagon tace kuza a filinku, ku nuna shi tun ranar farko.

A auna ruwan dam ɗin da na rijiyoyinku, a auna ƙasar lambun ma. Zan faɗa maka gaskiya ko da ba za ta yi daɗi ba: tokar bola da kuke sayowa daga gari kuna zubawa a kuyya ita ta rayar da wannan ƙasa, amma bolar yau akwai batir da roba da gwangwanin fenti a cikinta, kuma gwaji zai iya nuna dalma daga nan. Gara ku sani. Abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda gubar dalma ta kashe yara sama da 400 har sai da aka kankare saman ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, ya isa ya sa kowa ya daina wasa da ƙasar da yara ke rarrafe a kai.

Dam ɗin kansa, kada ku yarda a ce za a cike shi kawai. Ruwan da yake tarewa da damina, idan an cike, ina za shi? Mutanen Gangare da Rikkos da Unguwar Rogo ba su manta da daren Yulin 2012 ba, da ruwa ya taso daga wajen Lamingo ya ci mutum sama da 30. Duk zanen da bai nuna hanyar ruwa ba, ba a gama shi ba.

Yanzu ga maganar iko. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna, amana ce don amfanin jama'a. Ta raba ƙasa gida biyu. Wadda gwamna ya ayyana a matsayin birni, shi kaɗai ke bayarwa, shi ke karɓewa. Wadda ba birni ba, ƙaramar hukuma tana iya ba da izinin zama na gargajiya, tana kuma iya shiga don aikin jama'a. Yawancin abin da ke tsakanin Jos da Bukuru birni ne, hukumar raya birnin Jos, JMDB, ce ke ba da izinin gini, ma'aikatar filaye ta jiha kuma ke riƙe da rajista. Tsarin mulki ya ba ƙaramar hukuma kula da kasuwanni da tashoshin mota da maƙabartu, don haka ciyaman yana da hurumin cewa yana son kasuwa. Son kasuwa daban, ikon karɓe fili a cikin birni daban. Har a karkara ma, sashe na 6 na dokar ya cire filin da dokokin ma'adinai suka hau kansa daga cikin waɗanda ƙaramar hukuma za ta iya shiga. Wannan ya shafe ku kai tsaye, domin ma'adinai na gwamnatin tarayya ne, kuma dokar ma'adinai ta 2007 ta fifita haƙa a kan sauran amfanin ƙasa. Idan akwai lasisi mai rai a kan filin nan, wanda ya sayi fuloti ya sayi rigima. Ofishin rajistar lasisin ma'adinai da ke Abuja zai iya faɗa muku ko akwai.

Allo kuma ba sanarwa ba ne. Idan gwamna zai soke haƙƙin wani a kan fili, sashe na 28 ya ce sai don maslahar jama'a, da takarda mai sa hannun jami'in da aka ba izini, a kuma kai ta ga mai haƙƙin. Liƙa takarda a wurin yana halatta ne idan an nemi mai haƙƙin an rasa. Kotun Ƙoli ta sha rushe karɓe filin da aka yi ba tare da sanarwa ba, ta kuma sha faɗa cewa ƙwace filin wani don a miƙa wa wani ɗan kasuwa ya ci riba ba maslahar jama'a ba ce. Don haka ku rubuta wasiƙa, cikin ladabi, zuwa ga ciyaman, da kwafi ga JMDB da kwamishinan filaye. Ku tambayi wace hukuma ce ta ware filin, da wace takarda, hekta nawa ne, wane ne zai gina, da kuɗin wa. Ku ambaci dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana 7 ta amsa. Ku tabbata an buga muku hatimin karɓa a kan kwafinku. Dokar auna illar ayyuka ga muhalli ta 1992 ta wajabta cikakken nazari ga rukunin gidajen da ya kai hekta 50, ana kuma baje rahoton na kwanakin aiki 21 don jama'a su karanta su yi ƙorafi. Wata dabara da na sha gani ita ce a yanka babban aiki ƙanana-ƙanana don kada ya kai wannan adadi. Ko filinku bai kai ba, tarihinsa kaɗai ya isa hujjar neman a yi nazarin.

Kalmar nan ta kansila, "babu mai shi", ita ce ta fi damuna a duk wasiƙarka. A ƙasar Jos babu filin da babu mai shi. Kafin Bature ya zo, filayen yankinku na Bukuru gonakin Birom ne, kuma iyalan da aka karɓi gonakin kakanninsu aka ba kamfanoni suna nan, sun san iyakokinsu, suna ganin cewa tunda haƙa ta ƙare ƙasa ta dawo gida. Sannan ga ku, jikokin leburorin da suka zauna a barikokin kuza, waɗanda suka tarar da jar ƙasa mai tsakuwa da ko tsiron ƙaya ba ta fitarwa, suka baje ta da fatanya, suka yi ta zuba toka da kashin kaji da taki shekara da shekaru har ta koma baƙa tana ba da latas da tumatir da koren wake. Da yawanku haya kuke biya ga waɗancan iyalai duk shekara, ko ku ba su wani abu daga amfanin gona. Ga masu wankin yashi, ga mata masu tsintar kuza a tsofaffin tuli, ga makiyayin da ke shayar da shanu da rani, ga mai buga bulo a gefen ruwa. Duk waɗannan ba sa cikin fayil ɗin kowane ofis. A takarda wurin fari fat yake.

Ka san garin da muke ciki. Tun 2001 mun ga abin da maganar ƙasa da "ɗan ƙasa" da "baƙo" take jawowa, mun binne mutane a kowane ɓangare. Ina roƙonka don Allah, kafin ku je wurin ciyaman, ku je wurin masu gonakin da kuke haya. Ku ɗauki mai unguwarku da limaminku, ku je gidan dagacinsu, a kira fasto, a zauna. Ku faɗa musu a fili cewa ba ku zo jayayya a kan asalin ƙasa ba, kun zo ne don ku da su duka za a yi wa asara idan aka raba ku. Abin da mai neman filin zai yi ba ɓoyayye ba ne: zai kira masu ƙasa gefe ya ba su fuloti kaɗan ya ce baƙi ne ke hana su arziki, ya kira ku gefe ya ce 'yan ƙasa ne suka sayar da ku. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wasiƙar da ta zo da sa hannun ɓangarorin biyu, babu jami'in da zai jefa ta a kwandon shara.

Dubi babbar kasuwar Taminus. Ta ƙone a Fabrairun 2002, a tsakiyar gari, fili mafi daraja a jihar. A 2022 gwamnatin Simon Lalong ta sanar da yarjejeniya da bankin Jaiz don sake gina ta. Jama'a da yawa sun ji labarin ne bayan magana ta yi nisa, tambayar wa zai samu shago da shekara nawa za a riƙe ta rikiɗe ta koma ta addini, aikin bai tashi ba. Ko mene ne ra'ayin mutum a kan waccan yarjejeniya, 'yan kasuwar da suka rasa shagunansu, Musulmi da Kirista, su suka ci gaba da kasa kaya a bakin titi. Unguwar Rayfil kuwa ta nuna ɗaya fuskar: ita ma kufan kuza ce, tafkin da ake zuwa shaƙatawa ramin haƙa ne, yau ga manyan gidaje ga gidan gwamnati. Wurin ya gyaru. Tambayar da nake yi kullum idan na bi ta can ita ce, cikin waɗanda suke noma wurin a da, mutum nawa ne ke da ɗaki a ciki.

Game da diyya, ka buɗe kunne da kyau, domin nan ne ake cutar manoman rani. Doka ba ta biyan kuɗin ƙasar kanta. Tana biyan abin da aka yi a kanta: gini, rijiya, itatuwa, amfanin gona. Sashe na 29 ya ce mai haƙƙi da wanda ke amfani da wurin bisa halal duka suna da rabo. Kuma akwai wata gaɓa a cikinsa da mutane kaɗan suka sani: aikin farfaɗo da ƙasa ma ana biyansa, idan an kawo shaidar takarda. Wato baje tuli da cike kwazazzabo da jan ruwa da kuka yi abin biya ne, in kun iya nuna shi.

Na taɓa bin tawagar ƙidayar diyya zuwa wani fili irin naku a watan Agusta. Muka tarar da ciyawa har ƙugu, sai 'yan kunyoyin masara nan da can. Wani manomi ya biyo mu da gudu, wandonsa a naɗe, yana nuna mana inda yake dasa injin ban ruwa, yana cewa nan kabeji ne, can karas, daga Nuwamba zuwa Afrilu yana ɗaukar ma'aikata shida. Mai rubutu ya duba ya ce shi abin da ya gani zai rubuta. Aka rubuta masa masara. Ni ƙaramin ma'aikaci ne a lokacin, na yi magana sau ɗaya aka ce ba aikina ba ne, na yi shiru, kuma shirun nan yana cikin abubuwan da nake neman gafarar Allah a kansu. Shi ya sa nake gaya maka: ku yi taku ƙidayar da kanku, da rani, lokacin da lambu ke kore shar. Kowane manomi ya tsaya a cikin gonarsa a ɗauke shi hoto da waya mai nuna rana da wuri. A auna faɗin kowace gona. A rubuta shekarun da ya yi a wurin, wanda yake biya haya, abin da yake shukawa, buhu ko kwando nawa yake fitarwa, mutum nawa yake ɗauka aiki. A tattara rasiɗin injin, na tiyo, na motar toka, har littafin dillalin da ke sayen kayanku. Mai ƙasa ya sa hannu cewa ya san wannan manomi, mai unguwa da dagaci su sa hannu. Kada ku manta da matan da ke da 'yan kunyoyinsu, su aka fi mantawa. Ku yi kwafi uku ku ajiye a gidaje daban-daban. Ku kuma lura cewa idan aka ce diyyar ta al'umma ce, doka ta ba gwamna damar biya ta hannun basarake ko wani asusu. Ku nemi a rubuta sunan kowa da abin da zai samu, a karanta a bainar jama'a. Idan adadin bai yi muku ba, akwai kwamitin rabon filaye na jiha da ke sauraron ƙorafi, sashe na 44 na tsarin mulki kuma ya ba ku damar zuwa kotu.

Ni dai da za ku ji tawa, kuɗin diyya ba shi ne babban abin nema ba. Kuɗi yakan ƙare kafin shekara ta zagayo, lambu kuwa duk rani yana nan. Ku nemi a sa ku cikin zanen. Dam ɗin ya zauna, a yi wa bakinsa gangara mai sauƙi maimakon gaɓar nan mai tsayi da ke zubewa da yara, a kewaye ɓangaren da ke da zurfi. A bar zobe na ƙasa kewaye da ruwan, wanda dama ba ya ginuwa lafiya, a rubuta shi a matsayin wurin lambu, a ba ƙungiyarku da masu ƙasa takarda a kansa. Wannan ba alfarma ba ce, dabarar tsara gari ce mai kyau: wurin da bai dace da gini ba ya samu masu kula da shi, ruwan sama ya samu wurin zuwa, kasuwar da za a gina ta samu kayan miya a bakin ƙofarta. A ware wani kaso na rumfuna da fulotai ga mutanen unguwa a farashin da za su iya, a rubuta adadin. A hana bahaya da kwatar sababbin gidaje zuba cikin dam. A faɗi ta inda tifofi za su bi, don kada su ratsa ta gaban makarantar yara. Duk abin da aka amince a kai ya shiga takarda mai sa hannun hukuma da mai gini, a kuma sa shi cikin sharuɗɗan izinin gini. Alkawarin da aka yi a bakin taro, ranar da aka canja ciyaman ya tafi da shi.

Zanga-zanga haƙƙinku ce, amma a Jos taron matasa a kan fili yana iya juyewa cikin minti goma ya zama abin da ba ku nufa ba, kuma wanda ke son a ce ku 'yan tada zaune tsaye ne zai samu abin da yake so. Ku ajiye ta a ƙarshe. Idan kuka ga an kawo katafila alhali ba a amsa wasiƙarku ba, lauya za ku nema a ranar, ya roƙi babbar kotun jiha ta dakatar da aiki har a saurari ƙara. Hukumar ba da agajin lauyoyi ta tarayya tana da ofis a Jos, ƙungiyar lauyoyi ma tana da masu taimaka wa marasa ƙarfi. Kada kowa ya taɓa allon, kada kowa ya karɓi ko sisi "na shan ruwa" ya sa hannu a takardar da ba a karanta masa ba.

A wannan makon, ka ɗauki hoton allon yadda rubutunsa zai fito sarai, musamman sunan hukuma da na kamfani da duk wata lamba da ke ƙasa. Ka nemi dattawa biyu ko uku da suka yi aiki a ramin ko suka gan shi a buɗe, ku zagaya filin tare da sassafe, kana riƙe da takarda kana zana inda suka nuna: bakin tsohon rami, inda injin wanki ya tsaya, inda aka tara baƙin yashi, inda loto ya taɓa rufta wa wani. Ka turo mini hoton da zanen, zan duba in faɗa maka ofishin da za ku fara kai wasiƙar. Ka gaishe mini da mai unguwa da sauran manoma.